Ranar da Aka Gwada Jinin Gidanmu

Na kai shekarun da mantuwa ta fara yi mini yawa. Sau da dama nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma akwai wata ranar Talata da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Zan ba da labarinta daki-daki yadda ta faru, ba tare da na kama sunan kowa ba.

Sai na fara da bayanin kaina, don mai karatu ya gane dalilin da ya sa maganata ta yi nauyin da ta yi. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a bakin ɗaya daga cikin rassan babbar hanyar ruwan da muke kira kanal. Na gama firamare, na yi aji uku a sakandare, sai mahaifinmu ya rasu na dawo gona. Wannan ɗan karatun shi ne mafi yawa a gidanmu a lokacin. Ni ke karanta takardar maganin feshi, ni ke karanta ta asibiti, ni ne kuma manoman layinmu suka ɗora wa tsara ban ruwa: wane ne zai buɗe da safe, wane ne da yamma, wa zai jira gobe. An san ni da tsari, an kuma san ni da rashin wasa. Idan na ce "na farko", mutane sukan yi shiru su jira na biyu da na uku. Na saba da wannan shirun har na ɗauka shaida ce ta cewa kullum ina kan daidai.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara tara. Mutum ne mai sanyin hali, gwani a dashen shinkafa da renon tumatir, amma bai yi boko ba, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni yake gani a matsayin uba. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa. Matarsa 'yar wani ƙauye ce can gaba da Bunkure. Danginta Maguzawa ne, wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, mahaifinta kuwa yana nan a kan abin da ya gada. Ita ta musulunta tun kafin su haɗu. Ban hana auren ba, amma ban yi murna da shi ba, kuma dole in faɗi haka a nan domin yana cikin abin da ya ingiza ni. Shekara shida tana gidanmu ban taɓa ganin abin zargi a tare da ita ba. Kullum da safe takan durƙusa ta ce, "Yaya, an tashi lafiya?" in amsa a taƙaice in wuce. 'Yarsu ɗaya ce a lokacin, mai shekara huɗu.

Abin ya faru da damina, sa'ad da shinkafa ta fara ciki. Duk wanda ya san yankinmu ya san sauro ba ya ba mu hutu, da rani ruwan kanal, da damina ruwan sama. Yarinyar ta kwanta da zazzaɓi. Aka sayo magani a kemis, ya sauka, ya dawo. A rana ta biyar uwarta ta kawo mini ita zaure da sassafe, ta buɗe mini tafin hannunta. Fari fat yake, kuma numfashinta sama-sama. Na ce a nemo adaidaita sahu. Mu huɗu muka tafi asibiti: ni, ƙanena, matarsa, da yarinyar a kafaɗarta.

Likita ya ja fatar idonta ya duba, ya sa aka ɗebi jininta, ba a jima ba ya ce ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata, kuma yau ba gobe ba. Aka kwantar da ita, aka tura mu ɗakin gwajin jini. Ma'aikaciyar da muka tarar mace ce da za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, da tabarau da farar riga a kan hijabi, mai saurin hannu da saurin baki.

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da katuna ina kallo da kyau, don ni mutum ne mai son ganin yadda ake aiki. Ta ɗauko farin tayil irin wanda ake mannawa a bango, wanda aka ja wa layi aka raba shi gida-gida. Ta soki yatsan ƙanena, ta ɗiga jini sau uku, kowanne a gidansa. A gabanta akwai 'yan kwalabe uku. Ruwan ɗaya shuɗi ne, na ɗaya rawaya, na ukun kamar ruwan sha. Ta ɗiga shuɗin a kan ɗigo na farko, rawayan a kan na biyu, farin a kan na uku, ta gauraya kowanne da tsinkensa daban, sannan ta ɗauki tayil ɗin tana karkata shi hagu da dama a hankali. Ba a yi minti biyu ba ɗigon farko ya tsinke, ya yi tsaki-tsaki kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Na biyu ya tsaya sumul. Ta ce, "A," ta rubuta a katinsa. Da aka zo kan matar sai abin ya juya, shuɗin ya tsaya sumul, rawayan ya tsinke. Ta ce, "B." Jinin yarinyar kuwa, da aka kawo a ɗan bututu daga ɗakin kwanciya, bai tsinke a shuɗi ba, bai tsinke a rawaya ba. Ta ce, "O." Ɗigo na uku ya tsinke a wurin dukkansu, ta ce wannan shi ne fozitif, kuma a nan ba su da matsala.

Ta ajiye tayil ɗin ta ce, "Babu wanda zai iya ba ta a cikinku biyun. O kawai za ta karɓa, namu na ajiya kuma jiya ya ƙare."

Ƙanena ya ce, "Malama, ni ne fa ubanta."

Ta ce, "Na ji, Malam. Amma in na sa mata naka illa zai yi mata."

Kafin ta ƙara wani bayani aka leƙo aka kira ta da gaggawa, wai wata mai haihuwa tana zubar da jini. Ta kwashi kayanta, ta nuna ni da haɓa ta ce, "Kai ma kar ka yi nisa, ina dawowa zan gwada naka." Matar ƙanena ta koma wurin 'yarta. Mu biyu muka fita muka zauna a kan wani benci a gindin darbejiya, kusa da tagar ɗakin yara.

Na jera katunan uku a kan gwiwata ina dubawa. Sai ƙanena ya ce, "Yaya, kai da ka yi karatu, me ya sa nawa ba zai yi mata ba?"

Tambaya ce ta mai neman sani, babu komai a bayanta. Ni ma ban san amsar ba. A makaranta mun taɓa jin sunayen rukunin jini, shi ke nan, ban kai ajin da ake bayanin gadonsa ba. Ma'aikaciyar tana nan cikin asibitin, minti goma kawai ake bukata. Amma an tambaye ni, kuma ban saba a tambaye ni in tura mutum gaba ba. Sai na ɗauki abin da na sani na gona na ɗora a kan abin da ban sani ba.

Na ce, "Na farko, ɗa daga mutum biyu yake fitowa, uba da uwa. Na biyu, jininsa ko na uban ne, ko na uwar, ko haɗin biyun. Na uku, kai A ne, ita B ce, yarinya kuwa ba A ba ce, ba B ba ce, ba haɗinsu ba ce. Kai manomi ne. Ka taɓa dasa albasa a wannan fangali, tumatir a wancan, ka dawo ka tarar da attaruhu a tsakani ba tare da wani ya jefa iri ba?"

Na huɗun ban faɗa ba, ban kuma bukaci faɗarsa ba. Na ga lokacin da ya isa gare shi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya yi salati a hankali. A raina kuwa, kuma wannan shi ne abin da ya fi muni, na ji wata irin natsuwa, kamar wanda ya daɗe yana neman inda ruwa ke yoyo a gona yau ya gano.

Sai muka ji murya a bayanmu. "Yaya, ruwan zafi nake nema. Ko ka san inda ake samu?"

Tana tsaye riƙe da fulas. Ban san tun yaushe take wurin ba, amma fuskarta ta nuna ta ji abin da ya isa. Ƙanena ya miƙe. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "In an sallami yarinyar nan ki wuce gidanku. Kar ki dawo mini sai na neme ki."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To." Ta juya da fulas ɗinta babu ruwa.

Duk wanda ya san irin wannan magana ya san inda take dosa. Bai furta saki ba, amma taku ɗaya ya rage. Kuma ba auren kaɗai ba. A ƙauye irin namu, in mace ta bar gida da wannan dalili, sunan ya bi ta ke nan har kabari, ya bi 'yarta har gidan aure.

Ba a daɗe ba ma'aikaciyar ta dawo ta kira ni. Ƙanena ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa, inda na tsaya ɗazu. Ta soki yatsana, ta yi ɗigo uku, ta zuba shuɗi da rawaya da fari, ta karkata tayil. Na zuba ido ina jiran na farko ya tsinke, tun da ni da ƙanena ciki ɗaya muka fito. Bai tsinke ba. Na biyu ma bai tsinke ba.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. O ne, fozitif. Naka ya yi daidai da nata."

Na waiwaya na ga ƙanena yana kallona da wani ido da bai taɓa kallona da shi ba. Duk kakar tumatir yakan bi mota zuwa kudu ya yi sati biyu ko uku, ya bar iyalinsa a hannuna. Na san abin da yake lissafawa domin ni na koya masa lissafin, ko rabin awa ba a yi ba.

Ya ce, "Nawa bai yi ba, naka ya yi. Yaya, wannan na nawa ne? Na huɗu ko na biyar?"

Zan faɗi gaskiya a nan. Ba tausayin matar ne ya sa na gane kuskurena ba, ba kuma hankali ba. Abin da ya sa na gane shi ne ƙa'idar da na kafa ta juyo ta nuna ni, ni kuwa na san ban aikata ba. Tun da ban aikata ba, ƙa'idar ƙarya ce. A daƙiƙa ɗaya na ga haka. Ɗazu da take nuna wata ban ga komai ba.

Ma'aikaciyar ta sauke tabaranta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Me ke faruwa a nan?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Ko ma mene ne, yarinya tukuna. Malam, hau gadon nan. Kai kuma zauna can, kar ka fita."

Ta ɗebi jinina a sirinji ta yi gwajin cututtuka. Ta haɗa kaɗan daga nawa da ruwan jinin yarinyar, ta bar shi ya jima, ta duba a madubin da ke ƙara girman abu, ta ce sun zauna lafiya da juna. Sannan ta ɗaure mini hannu ta sa allura, leda ta fara cika. Ina kwance ina kallon rufi ƙanena ya buɗe baki ya maimaita mata abin da na faɗa a gindin darbejiya, na farko, na biyu, na uku, har da attaruhun, bai rage komai ba. Ban taɓa jin maganata a bakin wani ta yi mini muni haka ba.

Da ya gama ta ce, "Ku biyun nan uwa ɗaya uba ɗaya?"

Muka ce e.

Ta ce, "To shi A, kai O. Wanne ne a cikinku za mu mayar wa masu shi? Tsohuwarku tana raye? Sai ku je ku yi mata na farko da na biyu mu ga abin da za ta jefe ku da shi."

Ta aika a kira matar, aka dawo aka ce ta ce ba za ta bar 'yarta ba. Don haka mu biyu ta yi wa bayanin, tana yi tana duba ledar. Zan kawo shi yadda na riƙe, kuma na riƙe shi da kyau.

Ta ce a jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai alama, kamar shaidar da ake yi wa buhu a kasuwa don a san na wane ne. Wani alamarsa A, wani B, wani yana da duka biyun, wani kuma buhunsa babu shaida ko ɗaya, shi ne O. Ruwan da ƙwayoyin ke yawo a ciki yana ɗauke da masu gadi, waɗanda ke far wa duk alamar da ba ta gida ba. Jinin yarinyar ba shi da A ba shi da B, saboda haka masu gadinsa duka biyun suke kamawa. Da an sa mata na ubanta, abin da muka gani a kan tayil shi zai faru a cikin jijiyoyinta. Shuɗiyar kwalbar masu kama A ne a ciki, rawayar masu kama B, don haka inda jini ya tsinke an san alamar da ke jikinsa. Ta ukun wata alama ce daban, mai ita a ce masa fozitif, marar ita negetif.

Sannan ta zo kan gado. Ta ce kowane mutum iri biyu yake ɗauke da su, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kamar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. In zai haihu ɗaya kawai yake bayarwa, kuma ba shi ke zaɓa ba. A da B masu baki ne, O shiru-shiru ne. In A da O suka haɗu a jikin mutum, A kaɗai tayil zai nuna, O yana nan kwance bai ɓace ba. Sai ya haɗu da ɗan'uwansa O sannan a gan shi. Ta juya bayan wani tsohon kati ta zana gida huɗu. A sama ta rubuta A da O, ta ce wannan ƙanena ne. A gefe ta rubuta B da O, ta ce matarsa ce. Ta cike gidajen: ɗaya AB, ɗaya A, ɗaya B, na ƙarshe O da O.

Ta ce, "Duk cikin da matarka ta ɗauka zai iya faɗawa kowane gida a cikin huɗun nan. 'Yarka a wannan ta faɗa. Rabin O ɗinta naka ne, wanda ka ɗauko daga iyayenku, inda yayanka ya samo nasa biyun."

Ni mai aji uku ina ta bin gidajen da ido ina ƙoƙarin haɗawa, sai ƙanena, wanda bai san harafi ko ɗaya a katin ba, ya ce, "Kamar tumatirin gwangwani ke nan."

Ta ce, "Yaya yake?"

Ya ce, "Irin kamfani da muke saye a gwangwani, shekarar farko duk kai ɗaya yake fitowa. In ka yi rowa ka ɗebi iri a jikinsa ka shuka baɗi, sai ka ga wani dogo, wani kewayayye, wani mai ruwa. Ba wanda ya jefa maka komai. Dama suna cikinsa."

Ta ce, "Shi ke nan. Ka riga malaminka ganewa." Sannan ta juyo kaina. "Kuma ka ji da kyau, Malam. Wannan gwajin don a san jinin da za a sa wa mara lafiya ake yinsa. Ba ya nuna wane ne uban wane. Masu O a garin nan ba su ƙirguwa. Ko a inda yake nuna kamar akwai saɓani, mu da muka karanta ba ma buɗe baki sai an yi wani gwajin da ya fi wannan nisa. Kai kuwa daga ganin kati uku ka yanke hukunci a gindin bishiya."

Hannuna ɗaya da allura, ba ni da inda zan je.

Aka auna wa yarinyar gwargwadon nauyinta aka sa mata. Kafin la'asar numfashinta ya daidaita, washegari ta nemi koko, a rana ta uku aka sallame ta. Ƙanena ya ba matarsa haƙuri tun a ranar farko, ya kai mata katin mai gida huɗu yana nuna mata da yatsa. Ta saurara, ta juya ta koma kan 'yarta. Ranar sallama ta goya 'yarta, ta tare mashin a bakin asibiti, ta wuce gidansu kamar yadda aka ce mata.

Sau biyu ƙanena yana zuwa biko. Mahaifinta ya karɓe shi da mutunci, aka ba shi ruwa da abinci, amma ya ce ba shi da magana da shi. Ya ce a turo wanda ya yi lissafin.

A al'adarmu babban wa yakan je biko, amma yana zuwa ne a matsayin mai gyara abin da yaro ya ɓata. Ni na je a matsayin mai laifi. Na hau mashin na bi gefen kanal har inda hanyar ta rabu, na shiga ta cikin gonakin dawa. Na tarar da tsohon a ƙofar gida yana tufka igiya. Na gaishe shi, na ajiye goron da na kawo, na fito da katin nan mai gida huɗu na fara bayani. Na yi masa alamar buhu, na yi masa masu gadi, na yi masa gida huɗu, ban tsallake komai ba. Bai katse ni ba, hannunsa kuma bai bar igiyar ba.

Da na kai ƙarshe ya ce, "Ka gama, ɗan boko?"

Na ce, "Na gama, Baba."

Ya ce, "Magana ta yi kyau. Ni ban san A ba ban san B ba. Na ji dai an gwada jinin jikata an ga na gidanku ne. 'Yata kuma shekara shida tana daka muku tana dafa muku, tana jinyar tsohuwarku. Wannan bai isa gwaji ba sai da aka zuba ruwan kwalba?" Ya ɗaga murya ya kira ta, sannan ya ce mini, "Ba ni ka ɓata wa ba. Ga ta nan."

Ta fito, iyayenta mata biyu suna biye da ita, suka tsaya a bakin zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Na ce mata abin da na faɗa ƙarya ne, na faɗe shi ba da sani ba, kuma ni na jawo maganar da mijinta ya yi, ba shi ba. Na roƙe ta ta yafe mini ta dawo ɗakinta.

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Yaya, tambaya ɗaya zan yi. Da jininka ya fito A irin na ƙanenka fa?"

Na riga na yi wa kaina wannan tambayar a kan hanya. Da nawa ya fito A, da mun nemo wani mai O a cikin 'yan garinmu, a sa wa yarinya, mu koma gida. Babu abin da zai sa ma'aikaciyar ta san abin da aka faɗa a gindin darbejiya, babu kuma abin da zai sa ni in tambaya. Na ce, "Da har yau ina kan maganata."

Ta ce, "Na sani. So nake in ji ko za ka faɗa." Ta tashi ta shiga gida.

Ba ta biyo ni ranar ba. Bayan kwana goma gwaggonta ta rako ta, da yarinyar da ta yi ɓul-ɓul. Auren bai mutu ba, suna nan tare har yau, sun ƙara 'ya'ya uku. Maganar ba ta fita gari ba, domin ita ba ta faɗa wa kowa a ƙauyenmu ba, mu kuwa ba mu da bakin faɗa. Yarinyar ta girma, abin da kawai ta sani shi ne Baffanta ya taɓa ba ta jini tana ƙarama, kuma takan yi mini godiya a kan haka. Duk lokacin da ta yi, uwarta takan ci gaba da abin da take yi ba ta ɗago kai ba. Tsakanina da ƙanena ma an shirya, sai dai wannan kallon da ya yi mini a bakin ƙofa ya faru, kuma mu biyun mun san ya faru.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. Magana tana iya jeruwa tsaf, kowane mataki ya hau kan na bayansa, alhali tushenta zato ne da ba wanda ya bincika, kuma jeruwar tata ita ke sa a yarda da ita. Na koyi cewa in aka tambaye ni abin da ba fannina ba, mai fannin yana nan, sau da yawa a bayan ƙofa ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini kuwa shi ne, matar nan ba adalcina ne ya cece ta ba, Allah ne ya sa ɗigo biyu suka ƙi tsinkewa a kan tayil. Ba kowace mace ce za ta samu wannan ba. Saboda haka tun daga ranar, kafin in auna wani da wata ƙa'ida, sai na fara tambayar kaina ko zan yarda da ita in ni ta nuna. In ba zan yarda ba, nakan rufe bakina.